Atamfata a Jikin Scholastica

Masu karatu, akwai waɗanda suka ce na cika kishi. Ban musa ba. Na cika shi har ya tumbatsa, kuma ban zo neman gafarar kowa a kai ba. Ku dai saurari abin da ya same ni tsakanin wata Alhamis da Lahadi, sannan kowa ya faɗi abin da zai yi da shi ne ni.

Sunana Jummai, 'yar Malam Mamman mai gyaran keken ɗinki a Makera. Shekarar 1984 ce, ina aji biyu a makarantar koyon jinya, ina taƙama da farar riga da 'yar hular da nake gogewa har ta tsaya da kanta. Saurayina Nuhu yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, sashen da ake buga zane a jikin atamfa. Ni na zaɓe shi. Goggo Kulu, yayar Babanmu, ta yi wata shida tana kawo min ɗan wani Alhaji mai Fijo, ni kuwa na ce ba mota zan aura ba. Tun daga ranar ba ta kirana da sunana, sai “'yar boko”. Ranar Lahadin nan kawunnan Nuhu za su zo da goro a sa mana rana.

Nuhu ba mai yawan magana ba ne, da ƙyalle yake zance. Duk lokacin da aka gwada sabon zane a injinsu, sai ya yanko min ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ya maƙala takarda da allura. Ina da su cike da gwangwanin alewa a ƙasan gadona. Na ƙarshen da ya kawo shuɗi ne mai ganyen rogo ruwan zuma, takardar kuma ta ce: “Nas, wannan bai fita kasuwa ba. An yarda mu ma'aikata mu sayi turmi ɗai-ɗai. Naki zai hau saman akwatin lefe, ke za ki fara ɗaura shi a Kaduna.”

Daga wannan ba a sake kawo min ƙyalle ba. Wata huɗu cur.

Ya ce aiki ne ya yi yawa, yana haɗa na safe da na rana a jere don lefe ya fito da kyau. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa tsakiyar hannu. Wata rana ya zo yana zuba kamar famfo, ya tsara min gidan da zai gina har da inda zan ajiye firji, yana taune haƙora tsakanin magana. Wata rana kuma ya zauna kamar an aiko masa da mutuwa, in yi tambaya uku in samu “uhm” ɗaya. Dambun da yake lashe kwano a kai, ya koma ya tsakura sau biyu ya ture. Ni da nake karanta alamomin cuta safe da yamma, abu ɗaya kawai na karanta a jikinsa: akwai wata.

Ranar Alhamis na sauka daga bas a kasuwar Kakuri zan sayi farar safa. Ina ɗaga kai sai ga ganyen rogona a bakin wani kemis. Ba ƙyalle ba, turmi guda. Wata doguwar Ibo ce ta ɗinka riga, ta ɗaura zane biyu irin nasu, ta kafa ɗaurin kai kamar za ta coci. Kuma, Allah ya sani, ya yi mata kyau. Wannan shi ya fi ƙona ni.

Ku da kuka san garin nan kun san namiji ba ya ba mace atamfa don Allah kawai. Ban san sanda na tsallake titi ba.

“Sannu, Sista,” ta ce da Hausarta tsaf, irin ta wadda ta tashi a cikin Hausawa. “Me za a ba ki?”

“Zanen jikinki.”

Ta dubi kanta, ta dube ni. “Ba na sayarwa ba ne. In kuma cirewa za ki yi, ki jira in rufe ƙofa.”

“Wa ya ba ki?”

“Ke 'yar sanda ce ko nas?”

“Zanen nan bai shiga kasuwa ba. Mutum ɗaya na sani da ke da shi, kuma ranar Lahadi za a sa mana rana.”

Sai murmushin ya bar fuskarta. Ta jingina da kantar shagon, ta ƙare min kallo tun daga hula har takalmi. “Ke ce Jummai.”

Jama'a, ta san sunana. Ni kuwa ban san nata ba sai da na karanta a jikin littafin addu'arta da ke kan kantar: Scholastica. Na daure na ɗaga haɓa.

“To tunda ya gaya miki ni, sai ki san ba a shiga gabana.”

“Ke, zauna kafin ki faɗi.” Ta turo min benci da ƙafa. “Ni ina da Cyril nawa a Sabon Tasha, bakanike, ƙato, malmala uku yake ci ya nemi ƙari. Me zan yi da naki da iska ke kaɗawa? Sunanki kuwa, duk wanda ya zauna a bencin nan ya haddace shi. Jummai kaza, Jummai kaza, kamar kaset ɗin da ya laushe.”

“To me yake zuwa yi?”

Ta leƙa waje, ta sunkuya ƙasan kanta, ta fito da 'yar ambulan irin wadda ake zuba magani. Ta zazzage a tafin hannunta. Ƙwayoyi biyu ƙanana.

“Aji-garau. Direbobin manyan motoci ke sha don kar su yi barci. 'Yan masaƙa ma sun koya. Shagon na yayana ne, Chinedu, shi ke ba su ta ƙasa. Naki ya fara da ɗaya in zai haɗa aiki biyu. Kafin bikin Ista ya kai huɗu. Ran nan ya zo ba ko sisi, ya ajiye zanen nan a kan kanta. Yayana ya karɓa ya miƙo min, ni kuma na kai wa tela. Ban san na amarya ba ne.”

“Ƙarya kike.”

“To.” Ta ɗaga kafaɗa. “Ni na yi faɗa da yayana har ya daina ba shi. Yanzu wani wuri yake samowa. Amma tsaya, ke ba nas ba ce? Wata huɗu mutum na narkewa a gabanki ba ki gani ba?”

Da mari ta yi min da ya fi sauƙi. Ta mayar da ƙwayoyin ta miƙo min, na karɓi ambulan ɗin ba godiya, na fita ba sallama. Safar ma ban saya ba.

Ku kuna zaton na ji sauƙi da na gane ba mace ba ce? Wallahi a'a. Mace ina iya yi mata. Zan fi ta ado, in fi ta girki, in fi ta Turanci. A cikin bas na riƙa matsa ambulan ɗin a aljihuna, ina jin 'yan abubuwan nan biyu da ba su kai ƙwayar wake ba, ina cewa a raina: wai ku ne? Ku aka kai wa lefena?

Washegari Jumma'a bayan darasi na bi Sista Edith ofishinta. Ita ke koya mana ilimin magunguna, dattijuwa mai tabarau da igiya, ba ta dariya sai ta ga dama. Na ajiye ƙwayoyin a kan teburinta na ce wani maƙwabcinmu ne ke sha.

Ta juya su da bakin biro. “Kin san abin da suke yi?”

“Suna hana barci.”

“Wannan direba ma ya sani. Ke ɗalibata ce, zauna.” Ta jawo takarda ta zana kan mutum, ta ɗiga alama can tsakiya. “Akwai wani wuri a nan da aikinsa ba da tukwici. Kin sha ruwa da ƙishi, ya ɗiga miki daɗi kaɗan. Kin ci abinci, ya ɗiga. Kin ga wanda kike so ya shigo, ya ɗiga. Da wannan ɗigon yake koya wa mutum abin da zai sake nema gobe. To ita ƙwayar nan ba ɗigo take sa shi ba, bulbulowa yake yi. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta son ƙara. In abu ya yi mata yawa sai ta rage jinta, kamar yadda kike murɗa rediyo ƙasa. Yanzu gaya min, in an murɗe rediyo ƙasa saboda mai ihu, wa za a daina ji?”

“Mai magana a hankali.”

“Abinci. Barci. Hira. Duk su ne masu magana a hankali. Daga nan mutum ba don daɗi yake sha ba kuma, don ya koma mutum ne kawai. Sannan duk abin da ya saba zuwa tare da ita, wuri ne, lokaci ne, wata ƙara ce, shi kaɗai ya isa ya tayar masa da nema kafin ya yi tunani.”

Ta ba ni labarin gwajin da masana suka yi da ɓera. Sun sa masa siririyar waya a daidai wurin nan, suka ba shi ɗan ƙarfen da in ya taka zai ji tukwicin. Ya taka, ya taka, ya taka. Aka ajiye masa abinci, bai duba ba. Aka saka masa mace a kejin, bai waiwaya ba.

“Sista,” na ce, “ita macen fa? Me ta yi?”

Ta sauke tabaranta ya faɗo kan ƙirjinta. Ta kalle ni.

“Maƙwabcin naku,” ta ce, “yaushe ne bikin?”

Ban taɓa kuka gaban malami ba, ranar ma ban yi ba. Na kafe idona a kan kalandar bango har hawayen suka koma. Ta ce min ana warkewa, jin yana dawowa, amma da watanni ake lissafi ba da kwanaki ba. Makonnin farko sai barci da ci da baƙin ciki, wasu kuma su koma ruwa sau biyu, sau uku. Ta ce in kawo shi asibiti ranar Litinin, za ta haɗa shi da likita.

“Kawo shi kawai aikinki,” ta ce. “Kada ki ɗauka kyanki zai warkar da shi. Na ga waɗanda suka fi ki kyau sun gwada.”

Na ji ta. Amma ni Jummai ce, sai na gwada.

Baba ba ya yarda da zancen dare, don haka ranar Asabar bayan azahar Nuhu ya zo, ranar hutunsa ce. Na sa leshina ruwan ƙwai, na ɗaura gwaggwaro, na zizara kwalli, na shafa turaren da Inna ke ɓoyewa a ƙasan adaka. Na yi dambun shinkafa da zogale da ƙuli, na dama kunun zaƙi. Na jera su a tire, a gefen kofi kuma na ajiye 'yar ambulan ɗin. Na ɗauka na shiga zaure.

Yana zaune a tabarma ya jingina da bango, kekunan ɗinkin da aka kawo wa Baba gyara jere a bayansa. Ya ɗago ya ce, “Nas, yau kuma sarauniyar ina ce?” Har na fara jin sanyi a raina. Sai na ajiye tiren.

Na ga sanda idonsa ya sauka a kan ambulan ɗin. Masu karatu, na san kallon nan. Shi ne kallon da ya yi min ranar farko a layin bas, lokacin da na juyo na ce masa malam ka daina taka min takalmi. Idon ya buɗe, fuskar ta waye, har leɓensa ya motsa. Wata huɗu ina nemansa, ashe yana nan, ba nawa ba ne kuma.

Na zuba masa kunu. Na fara ba shi labarin jarrabawarmu. Yana cewa “to, to,” idonsa na zuwa fuskata yana komawa tire kamar an ɗaura masa zare. Ana cikin haka jiniyar masaƙa ta ƙarfe biyu ta tashi, wadda duk Makera ke saita agogo da ita. Mutumin da ba shi da aiki ranar, sai ga hannunsa ya tafi aljihun riga da kansa. Ya laluba, ya haɗiye yawu, gumi ya tsatso masa a goshi.

“Ba komai a ciki,” na ce. “Ga ta nan a tire. Ko in zuba maka a kofi?”

Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. “Ina kika samo wannan?”

“Inda ka kai ganyen rogona. Zanen ya karɓi ƙanwar mai shagon, ka sani? Har ɗaurin kai ta yi.”

Ya sunkuyar da kai. Na jira ya yi ƙarya don in samu abin kamawa, bai yi ba.

“Don ke na fara,” ya ce. “Goggonki ta ce wai akwati nawa ɗan masaƙa zai iya. Na ce sai na rufe mata baki.”

“Kar ka ɗora min. Ni na ce maka ko akwati ɗaya ne ka kawo. Kuma ina lefen? Ba ƙwayar ce ta cinye ba?”

“Jummai, wallahi ba daɗinta nake ji ba yanzu. Da can, e. In na sha sai in ji injin nan ni ke juya shi. Yanzu in na sha, ƙafata kawai ke ɗaukata. In ban sha ba, ko gaisuwa nauyi take min.”

“To kalle ni.”

Ya ɗago. Ya yi ƙoƙari, na ga ƙoƙarin, shi ya fi komai ciwo.

“Me ka gani?”

“Na ga ke. Kin yi kyau.” Ya sauke ido. “Na san ina sonki kamar yadda na san sunana. Amma in na laluba nan,” ya dafa ƙirji, “sai in ji kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.”

Na gyara gwaggwarona don hannuna ya samu abin yi. Na gaya masa sharaɗina biyu. Litinin da safe mu je asibiti. Gobe kuma shi da kansa ya ce wa kawunnansa a ɗaga zuwan.

“Haba, Nas. Kawu Audu tun daga Soba ya taso, goro na ɗaki. Ki rufa min asiri a sa ranar. Ina shiga ɗaki da ke zan daina, na rantse.”

“Ɗakin da za mu shiga mu uku?”

Daidai nan Inna ta ƙwala min kira daga cikin gida, wai in zo in sauke mata tukunya. Na ce masa ina zuwa. Minti biyu ban yi ba. Na dawo na tarar da labulen zaure na motsi, kunu na nan yadda na zuba, dambu ko cokali ba a sa ba. Ambulan ce kawai babu.

Ni na ajiye masa ita da hannuna. Ni mai aji biyu, wadda aka zana wa kan mutum a takarda jiya-jiya. Na so in ga wa zai zaɓa tsakanina da ita, kuma na gani.

Lahadi tun da hantsi gida ya cika. Goggo Kulu ta zo da ƙawayenta biyu, ta kafa kujera a tsakar gida tana ba da umarnin yadda za a raba goro. Ta ce, “'Yar boko, yau dai burinki ya cika. Allah ya sa injin ya riƙa buga muku tuwo.” Aka yi dariya. Na yi tare da su, na shige ɗakin Inna na zauna bakin gado.

Wajen sha ɗaya muka ji sallamar maza a zaure. Can sai ga Baba ya shigo, ya tsaya bakin ƙofa da babbar rigarsa ta Jumma'a. Goggo ta biyo shi ta tsaya a bayansa, don ba a yin abu ba ita.

“Uwata,” ya ce, haka yake kirana, “baƙi sun iso. Ke kika kawo yaron nan, ban tilasta miki ba, ban hana ki ba. Sun nemi bayan Babbar Sallah da mako biyu. In amsa?”

Na dubi Goggo. Na san abin da kalma ɗaya za ta jawo min. Za a kai ta Tudun Wada kafin la'asar, a kai ta Nasarawa kafin magariba, duk gidan suna da gidan biki a ce 'yar boko ta zaɓa da kanta ta zubar da kanta. Na san kuma in na ce e, babu mai sani sai ni da shi da wata Ibo a Kakuri.

Na durƙusa. “Baba, kar a sa rana yau.”

Goggo ta tafa hannu. “Ayyiriri! Ba na faɗa ba? Ya yi wata, ko?”

“Ba shi da lafiya, Goggo. Kuma ban ce na fasa ba, cewa na yi a dakata. In ya warke ni zan aure shi, ba ɗan Alhajinki ba.”

Baba bai tambaye ni wace cuta ba. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya juya ya fita. Goggo ta ci gaba da magana, ban ji ko ɗaya ba. Ina jiran in ji hayaniya daga zaure, sai na ji shiru. Ba a jima ba Baba ya dawo, wannan karon hularsa a hannu.

“Jiya da ƙarfe nawa ya bar nan?”

“Biyu da 'yan mintuna.”

“Kawunsa ya ce bai koma gida ba. Sun je masaƙa, ba ya can. Sun yi shiru ne don kar su ɓata taro, suna zaton ke kin san inda yake.”

Duk ɗakin aka juyo ana kallona, har Goggo ta rufe baki. Shekara biyu ina tare da mutumin nan. Na san lambar takalminsa, na san ba ya cin kuɓewa, na san sunan da kakarsa ke kiransa. Amma ban san inda yake zuwa in abin ya taso masa ba.

Na jawo mayafina daga kan ƙofa.

“Ina kuma za ki?” in ji Inna.

“Kakuri.”

An kusa tasowa daga coci. Akwai mace ɗaya a garin nan da ta fi ni sanin hanyoyin Nuhu, kuma dole in je in tsaya a gabanta, in gaishe ta da ladabi, in roƙe ta ta raka ni.